Kogin da Gawa Kaɗai Ke Tsallakewa

Tun da aka rufe mashigar kogin Tiau, Pi Zawni ba ta ƙara zama a rumfarta ta kasuwa ba. Da ta sauke tukunya da safe sai ta kama gangare, kwando a baya, igiyarsa a goshi, tana tafe tana mita ita kaɗai. Yayanta Pu Hranga yana tsallaken ruwa, kuma ta rantse sai ta ga ya hau tudun Khawrem da ƙafarsa, ya zauna a gidan da aka haife shi, ya ci shinkafar da ta dafa.

Jiragen yaƙi ne suka ƙone ƙauyen tsallake. Waɗanda suka tsira suka gangaro bakin kogi da abin da hannu ya iya ɗauka, suna zaton za su haye kamar yadda suka saba hayewa cin kasuwa da biki. Sai suka tarar da sojoji jere a gaɓarmu ta Khawrem, an aiko su daga can nesa da umarnin kada a bar kowa ya hau. Baya wuta, gaba bindiga. Suka kafa tamfol a kan tsakuwa suka zauna, muna ganinsu suna ganinmu, har launin rigar mutum kana iya faɗa.

To, mutanen Khawrem da gardama ba a magana. Cocin sama da cocin ƙasa sun yi shekaru suna hararar juna a kan wanda gangarsa ta fi damun unguwa. Amma wannan karon sai ga Upa Biaka, dattijon cocin sama, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da faston cocin ƙasa, ga kuma Abdul Motin, limamin 'yan kasuwar da ke da masallacin kwano a bayan tasha, yana biye da su da lema. Kullum sai sun je tantin hafsan sojojin. Kullum maganarsu ɗaya, cewa wanda ya gudo daga mutuwa ba a mayar da shi, kuma babu littafin da kowanensu ke karantawa da ya yarda da haka. Hafsan, wani dogo mai ɗan gashin baki wanda bai kai sa'an ɗan Pi Zawni ba, yakan ba su shayi, ya saurare su da ladabi, ya ce ba shi ya rubuta umarnin ba.

Abin da suka samu dai shi ne igiya. Ya yarda a ɗaura ta daga gaɓa zuwa gaɓa a inda kogin ya tsuke, a riƙa tura kwando. Shinkafar da kowace mace ke ware wa coci, cikin tafin hannu duk lokacin da za ta ɗora tukunya, ita aka haɗa ta cocin biyu ake dafawa ana turawa. Pi Zawni ce uwar wannan aiki, kuma a kwandon farko kullum takan cusa maganin yayanta na zuciya da na sukari, ta ɗaure a ganyen ayaba.

Da kwandon ya isa, sai Pu Hranga ya fito bakin ruwa yana dogara sanda, su fara. Shi ya ce shinkafar ta caɓe, tun tana yarinya ba ta iya girki ba. Ita ta ce tsohon banza, wa ya aike shi bin mace har wata ƙasa, ga shi matar ta mutu ta bar shi da tamfol. Mutane na dariya ta gaɓa biyu, har sojojin da ba sa jin yaren sukan murmusa. Muryar Pi Zawni kuwa ba ta buƙatar taimako, kurma ma sai ya waiwaya.

Ana nan sai wani kafinta ɗan Khawrem, wanda ke aiki a tsallake lokacin da aka kawo harin, ya cika a ƙarƙashin tamfol saboda raunin da ya ji. A wurinmu gawa ba ta kwana a hanya. Idan mutum ya mutu nesa da gida, samarin kowane gari su ɗauke shi har iyakarsu, na gaba su karɓa, a haka har ya isa inda aka binne cibiyarsa. Duk wanda ya biyo gawa kuma baƙon gidan makoki ne, a ba shi abinci da shimfiɗa, ba mai tambayarsa yaushe zai koma. Upa Biaka ya yi wa hafsan wannan bayani. Hafsan ya ce su ma a garinsu ba a tsare gawa. Aka karɓi kafinta a tsakiyar ruwa, matarsa da 'ya'yansa suna biye, hafsan ya cire hularsa har suka wuce.

Kowa ya ji daɗi ban da Pi Zawni. Ta tsaya a kan dutse tana huci, ta dubi hafsan ta ce, da muryar nan tata: "Ashe haka ne, ɗan nan? Sai mutum ya mutu kake ba shi hanya, shi da nasa? Mai rai ba shi da daraja a wurinka sai gawa?"

Upa Biaka ya ja ta gefe yana ba ta haƙuri. A tsallake kuwa ta hango yayanta zaune a kan buhu, ya sa haɓa a kan sanda, yana kallon iyalin kafinta suna hawa tudu. Ranar bai ce komai a kan shinkafa ba.

Washegari ya tambaye ta ko filin nan da ke gefen kabarin mahaifiyarsu yana nan, ko an ba wani. Ta ce yana nan, ta ajiye wa kanta, ya nemi nasa a ƙasar da ya zaɓa. Ya yi dariya har da tari. Ita ma ta yi, ta koma gida tana jin daɗin ta ci shi da baki.

Damina ta fara leƙowa. Kogin ya canja launi, ya fara lasar tsakuwar da aka kafa tamfol. Yara a tsallake suka fara zawo. Pu Hranga ya daina fitowa bakin igiya, aka ce sanyi ne ya kama shi. Pi Zawni ta ƙara citta da dunƙulen mazarƙwaila a ƙunshin magani, ta ce a gaya masa ya daina raki.

Wata safiya, maimakon wanda ya saba karɓar kwando, sai ga Sungi, 'yar Pu Hranga. Ta shigo ruwa har gwiwa don maganarta ta kai. Ba ta ko kalli kwandon ba.

"Gwaggo, Baba ba ya shan maganin. Ba ya cin abinci. Tun ranar da aka haye da kafinta."

Pi Zawni ta ce me ta ce? Sungi ta maimaita. Ta ce sun yi roƙo, sun yi kuka, maza sun danne shi za su ɗura masa kunu ya datse haƙora. Ya ce shi ɗan Khawrem ne, dole Khawrem ta karɓe shi, kuma duk wanda ke kan tsakuwar nan ya shirya kayansa, don kowa zai raka shi.

Igiyar ta kuɓuce daga hannun Pi Zawni. Ta zauna daɓas a cikin laka da zanenta na kirki. Ita dai ta san yayanta da taurin kai, amma wannan? Ta tuna tambayar kabari, ta tuna dariyar da ta yi, sai ta ji kamar ta mari kanta. Daga nan ta miƙe ta ce a fito mata da shi, yanzu, ko a tabarma ne.

Maza biyu suka tallafo shi. Da ƙyar ta gane shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, fuskar ta zama ƙashi da ido. Ta zage shi tas, ta ce wannan saɓon Allah ne, ta ce a cocin wa aka koya masa haka, ta ce idan ya kuskura ya mutu ba za ta zo jana'izarsa ba. Daga baya zagin ya ƙare, ta koma roƙo, tana kiransa Yaya kamar lokacin da yake goya ta zuwa gona. Ya yi magana, amma ruwa ya cinye ta, sai Sungi ce ta ɗaga murya ta isar.

"Ya ce jikokin mutane suna mutuwa, shi kuma ya riga ya ci nasa rabon. Ya ce ki daina ihu, ki je ki share ɗaki."

Ba ta san yadda ta hau tudu ba. Ta tarar da Upa Biaka a farfajiyar coci ana auna shinkafa, ta zazzage masa labarin a tsaye. Dattijon ya dafa bango, ya ce Ubangiji ya yi mana jinƙai, ya sake cewa. Amma Pi Zawni tana kallon fuskarsa, kuma ta ga lokacin da idonsa ya gangara wajen kogi, wajen tamfol ɗin nan da yaran da ke ƙarƙashinsu, kafin ya dawo kanta. Ɗan ƙiftawa ne kawai. Ta ce masa ta gani, kada ya musa, shi ma ya fara lissafin abin da gawar yayanta za ta buɗe. Bai musa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce za su je su roƙe shi ya ci abinci, dukansu, har da liman. Ta ce su roƙa, ita ta san wanda za ta roƙa.

Sojan da ke gadin tanti ya so tsare ta, ta bangaje shi ta shiga. Hafsan ya miƙe yana shirin shan faɗan da ya saba, sai ya ga tsohuwar ta durƙusa a gabansa. Matar da ta yi makonni tana ce masa ya buɗe hanya, yau roƙonsa take ya ƙara rufewa. Ta ce ya hana gawa ma. Ya fito ya faɗa da bakinsa cewa daga yau ko mutum ya mutu a tsallake, a can za a binne shi, babu mai rakiya, babu kowa. Idan yayanta ya ji mutuwarsa ba za ta buɗe komai ba, zai ci abinci.

Sai da mai fassara ya maimaita sau biyu kafin hafsan ya gane. Ya zauna a hankali a bakin gadonsa, ya riƙe kai. Ya ce shi bai yi nufin haka ba, girmama mamaci kawai ya yi. Ta ce ta sani, ya tashi dai. Ya ce dama manyansa sun yi masa faɗa a kan maganar kafinta. Ya ɗauki waya ya yi magana da su da yarensa, a taƙaice, ya ajiye, ya ce shi ke nan, Mama, an hana.

Tare suka gangara, ita a gaba tana sassarfa, shi a baya. Ta hau dutsen nan nata, ta cika ƙirji.

"An hana! Ku gaya wa Yaya an hana! Ko gawa ba za ta wuce ba, ga hafsan nan ku tambaye shi! Ku ba shi abinci!"

Duk wanda ke tsallake ya tsaya cak. Mata masu wanki suka miƙe da tsumma a hannu. Ba wanda ya amsa, ba wanda ya ruga wajen tamfol ɗin Pu Hranga ya kai saƙon. Ta sake faɗa, ta ƙara ƙarfi. A lokacin ne ta lura da abin da samarin can suke yi a bayan tamfol. Gora suke sara, dogaye guda biyu, wasu kuma suna tsaga ƙanana na gicciyewa, irin na haɗa makara. Sungi ta fito, gashinta a kwance, ba ɗankwali. Ta ɗora hannu biyu a ka.

Pu Hranga ya cika tun Pi Zawni tana durƙushe a cikin tanti.

Pi Zawni ta juya ta dubi hafsan. Shi ma ita yake kallo, fuskarsa ta yi fari. Ya ce, da ƙaramar murya, ya riga ya faɗa wa manyansa, maganar ta fita daga hannunsa. Nan ta gane abin da ta yi. Yayanta ya kashe kansa da yunwa don ya buɗe hanya, ita kuma ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta je da ƙafarta ta rufe, ta kuma hau dutse ta shelanta wa duniya. Ba ta yi kuka ba. Tsoro ne ya kama ta.

Upa Biaka ya iso da fasto da liman, sun zo roƙon mai rai suka tarar da gora. Da aka gaya masa abin da ya faru a tanti bai yi mata faɗa ba, bai ko dube ta ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Ya aika a buga ƙararrawa. Ta cocin sama ta fara, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, bugun mutuwa. Ta cocin ƙasa ta amsa. A Khawrem idan aka ji wannan bugun ba a tambayar ko akwai izini. Manomi ya yar da adda, mai shago ya ja ƙofa, 'yan kasuwar bayan tasha suka biyo limaminsu da fararen huluna. Kafin rana ta karkata gaɓar ta cika maƙil, mata sun yafa baƙin zanen makoki, wani ya sauko da ganga.

Sojoji suka ja layi a bakin ruwa, bindigogi a gicciye. Samarinmu da ya kamata su shiga su karɓi gawa suka tsaya ƙirji da ƙirji da su. Upa Biaka ya ce wa hafsan yau ba shayi suka zo sha ba, kuma ba faɗa suka zo ba, ɗansu ne ya mutu a hanya suka zo ɗauka. Liman Abdul Motin ya ce shi ba addininsu ɗaya da mamacin ba, amma ya sha sayar masa da gishiri, kuma ba zai koma shago ba sai ya ga an sa shi a ƙasa. Hafsan ya ce umarni ne.

A tsallake ba su jira ba. Sun ji an hana, amma gawa ta riga ta hau kafaɗa, kuma ba a sauke ta sai a hannun masu karɓa. Suka shigo ruwa. Bayansu kuma kowa da kowa, tsofaffi ana riƙe da su, jarirai a kan kai, tukwane, kaji a kwando. Suka iso tsakiyar kogi, inda iyaka take, suka tsaya. Ruwan ya kai wa masu ɗaukar ƙirji, yana tura su, suna turjewa. Ba su da ikon wucewa, al'ada ba ta ba su ikon juyawa ba. Ɗaya daga cikinsu ya zame, makarar ta karkata, mata suka yi salati da kururuwa ta gaɓa biyu.

Pi Zawni ba ta yi shawara da kowa ba. Ta bi ta tsakanin sojoji biyu, ta ture bakin bindigar ɗaya da bayan hannu kamar mai kauda reshe, ta faɗa ruwa. Mace ba ta ɗaukar makara a wurinmu, ba a taɓa yi ba. Ga ta gajeriya, ruwan ya kai mata wuya kafin ta isa. Ta kama gorar da ta karkata ta sa kai a ƙarƙashi. Ganin haka Upa Biaka ya kama hannun fasto, fasto ya kama na liman, tsofaffi uku suka nufi layin sojoji suna tafiya kamar ba kowa a gabansu. Soja zai harbi wa? Layin ya tsage. Samari suka rufta, suka karɓi gawar daga kafaɗar mutanen tsallake, mai ganga ya fara bugawa, aka ɗauki waƙar da ake raka mamaci da ita.

Da suka iso gaɓa hafsan ya tare gaba, takalmansa a cikin ruwa. Ya ce to, gawar ta wuce, ya ɗauki laifin a kansa, amma da iyalin mamacin kawai. Ya ce Mama, nuna mini nasa.

Ta waiwaya. Sungi da 'ya'yanta ta sani. Sauran kuwa, wasu ta taɓa ganinsu a kasuwa, da yawa ba ta taɓa sa su a ido ba. Duk suna kallon bakinta, ruwa na zuba daga tufafinsu.

"Ni ban gayyaci kowa ba," in ji ta. Ta ɗora hannu a kan makarar. "Ga wanda ya gayyace su. Tambaye shi."

Hafsan ya dubi abin da ke naɗe a kan gora, ɗan ƙarami kamar ba namiji ba. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya matsa gefe, ya juya wa kogin baya, ya ce wa mutanensa wani abu, su ma suka juya. Mutanen tsallake suka fara hawa, jama'ar cocin biyu sun yi layi hagu da dama suna miƙa hannu suna jawo su.

Da la'asar an cika gidan Pi Zawni, an cika farfajiyar cocin sama da ta ƙasa, har barandar masallaci an shimfiɗa tabarmi. Ana ta waƙa a ɗakin da gawar take. Ita tana zaune a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen zanenta, an yi an yi ta canja ta ƙi. Wata mata da ba ta sani ba ta matso da yaro a kafaɗa, ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma yana tsotsar ɓawon lemo. Matar ta durƙusa, ta kama hannun Pi Zawni da hannu biyu, ta fara godiya.

Pi Zawni ta yi ƙoƙarin zare hannunta. Ta ce kada ta gode mata. Ta ce ita ce ta je ta durƙusa ta roƙi a rufe musu hanya, su da 'ya'yansu, don nata ɗan'uwan ya rayu, kuma da ya rayu da har yanzu suna kan tsakuwa.

"Mun ji ki, Pi," in ji matar. "Duk mun ji."

Ba ta saki hannun ba.